Ni na zaɓi fitilar da ke bayan motar asibitin

Assalamu alaikum Malama, da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni Bakano ne, ina zaune a Guangzhou, aikina raka 'yan kasuwa masana'anta in yi musu tafinta. Ina da amini ɗan Maraɗi, shi ma a nan yake zaune, bari in kira shi Isufu. Bara wata ƙungiya mai motocin ɗaukar marasa lafiya a garinsu ta ba shi sautun fitilun baya, masu walƙiyar nan ja. Na kai shi wata masana'anta a Panyu. Mai wurin, laoban kamar yadda muke ce musu, ya kunna mana iri biyu, ya nuna mai ƙarfin ya ce da yarensu, wannan ta saman rufi ce, in aka sa ta daidai idon na baya ba zai ga hanya ba. Na yi dariya. Ai na san mutanenmu, fitilar da ba ta kashe ido jabu ce a wurinsu. Isufu ya ce, "Mi ya ce?" Na ce, "Cewa ya yi wannan ce ta manya." Wallahi ban ci ko sisi a kai ba, so nake abokina ya yi suna a gida, ni kuma a ce na san kaya. Ko kaɗan ban tuna cewa a wajenmu motar asibiti ba ta tafiya ita kaɗai ba, dangi na manne da ita a baya.

Da wasannin Olympics suka matso aka tsananta bincike ko'ina, laoban ya kira ni ya ce an hana sa irin fitilar a baya, a ciro su a dawo da su zai canza kyauta. Na ce to, na yi ta jan ƙafa. Da wane baki zan ce wa Isufu ƙarya na fassara masa? Ina cikin wannan jinkirin aka kira shi daga gida. An ɗauki mahaifiyarsu a ɗaya daga cikin motocin bayan magariba, ƙanensa na biye a babur, motar ta kauce wa wata tirela da ta lalace a hanya, shi bai kauce ba. Yana nan da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Isufu ya ce min, "Yaron shina ta cewa bai ga komi ba sai ja. Buguwar kai ce, ko?" Na ce buguwar kai ce.

Yanzu bizata ta ƙare, ba a sabuntawa, 'yan sanda na tare baƙi a bakin tashar jirgin ƙasa. A ɗakin Isufu nake ɓoye a unguwar Sanyuanli. Shi ke fita ya sayo min abinci, shi ya bar min katifa ya koma kan darduma. In na faɗa masa, ina zan kwana? In na yi shiru, motocin nan kullum suna kan hanya, kuma shi kaɗai ƙungiyar ta sani, ni ko lambarsu ba ni da ita. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma tsoron ne yake rinjaye kullum. Na sha shirya maganar a bayi, in na fito na gan shi yana zuba min shayi sai in karɓi kofin in zauna.

Jiya ya shigo da fara'a, rabon da in ga haƙoransa tun ranar hatsarin. Ya ce ƙungiyar ta yi sababbin motoci, kuma sun yaba da kayanmu. "Ɗan uwa, gobe ka kira muna laoban. Irin waccan dai, ta manya."

Na ce Allah ya kai mu. Jama'a, me zan yi?