Sawu a Kan Kwalta

Challawa, Kano
6 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yayana Ashafa, a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya sa haka. Mu nan alhamdu lillahi. Mai ɗakina Zuwaira ta sauka lafiya, an samu mace. Inna ma da sauƙi, sai dai ƙafar nan tata.

Yaya, tun babbar salla ba mu ji ɗuriyarka ba, ga shi wani abu ya faru da ya hana ni sukuni. Yanzu aikin rufi nake yi a wata sabuwar masaƙa. Rufin na kankare ne, shimfiɗaɗɗe kamar masussuka. Mukan narka kwalta a ganga, mu kwarara ta tana tafasa, mu warware wata irin tabarma mai kwalta a kai don kada ruwa ya zuba. Ko da takalmin roba ba mai iya taka ta da zafinta.

Ranar Talatar makon jiya da azahar na kwarara layi guda, na juya ɗauko naɗin tabarmar. Da na waiwayo sai ga sawun mutum, ba takalmi, a cikin kwaltar tana hayaƙi. Ya taso daga bakin rufin ta kudu, inda ba tsani, ya zo daidai inda na durƙusa ya tsaya. Bai koma ba. Shugaban aikinmu, Malam Shu'aibu, ya zo ya duba ƙafafunmu duka, ba wanda ya ƙone. Ya yi salati, ya ce in rufe wurin, bakin da ya yi shiru ba ya jawo magana. Kafin in rufe na sunkuya na duba. Ƙafar hagu yatsu huɗu ne, babu ƙaramin, wanda fartanya ta cire maka a gonar Baba.

Ban gaya wa kowa ba. Amma da na koma gida Inna ta tambaye ni ko mun haɗu da kai a hanya, wai da azahar ta ji sallamarka a zaure, har ta amsa, ta sa ƙanwarmu Jummai ta kawo ruwa. Jummai ta ce ba ta tarar da kowa ba. Inna ta hana a ɗauke kwanon, yana nan har yau.

An ce jini ya fi ruwa kauri, wataƙila kewa ce kawai. Don Allah ka aiko da amsa, ko layi ɗaya ne, da rubutun hannunka. In kuwa wani ne yake karanta takardar nan ba Ashafa ba, na haɗa ka da Allah ka faɗa mana gaskiya, kuma ka rubuto da sunana, ba na Inna ba.

Inna, Zuwaira da Jummai suna gaisuwa. A gai da Malam Lawal mai masaukinka.

Naka ƙani,
Isyaku