Ni Na Ce Musu Gyara Ne

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin da ya gina rumbunan ajiya a Filin Kwalba, New Bell.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Aminu, haifaffen unguwar Hausawa, ina aikin ofis a wata masana'anta a Bassa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni zan faɗi nawa tukuna, sannan in zo kan naka.

1. Ranka ya daɗe, wataƙila a takardunka wurin ba shi da suna. Mu muka sa masa Filin Kwalba, don sai mun tsince fasassun kwalabe kafin mu fara ƙwallo. Babu ciyawa, tsofaffin tayoyi ne ragarmu, in damina ta sauka kuma ya koma tafki. A gindin mangwaron da ke gefensa muke musayar hotunan 'yan ƙwallo, masu gam a baya, waɗanda ake samu a cikin takardar cingam. Na haura arba'in, amma albam ɗin da nake liƙa su na nan, har maiɗakina kan ce da za a yi gobara shi zan fara ɗauka kafin ita. Gurbi ɗaya ne bai cika ba, na wani mai tsaron gida. Abokina Sale, golanmu, shi ke da hoton. Na ba shi hotuna goma a madadinsa ya ƙi, muka girma a haka ina roƙo yana dariya.

2. Bara, bayan ƙaramar Sallah, wakilinka ya kawo wa dattawan unguwa takarda da Faransanci a kan filin, su sa hannu. Aka aika a kira ni, ɗan boko, in karanta musu a ƙofar masallaci bayan La'asar. Shafi huɗu ne. Wakilin naka ya yabi Faransancina a gaban mutane, kaina ya kumbura, na karanta shafin farko kawai. Na ga kalmar aménagement, na ce musu gyara za a yi. Alhaji Buba, babban dattijonmu, ya tambaye ni har sau biyu ko gyara irin wanda muka sani, na ce masa shi ne. Maganar rumbuna tana shafi na uku, ban buɗe ba. Dattawan nan ba takardarka suka dangwala wa hannu ba, bakina suka dangwala wa. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

3. Ga naka kuma. Wakilinka yana jin Hausa sarai, da ita ya gaisa da dattawa har yana tambayar iyali. A kunnensa na ce gyara. Bai gyara mini ba, sai ya buɗe tawada ya miƙa. Wanda ya ga makaho zai faɗa rami ya yi shiru, ba zai ce ba ruwansa ba. Ba a yi wata biyu ba katafila ta zo, kwana biyu ta gama da filin da ya raine mu.

4. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Alhaji Buba yana amsa gaisuwata kamar da, amma in takardar asibiti ta zo masa sai ya wuce ƙofata ya kai wa wani. Yaran unguwa, har da nawa biyu, a kan titi suke buga ƙwallo yanzu, suna kauce wa babura. Sale kuwa bensikin yake ja, wato haya da babur, shi ke taka musu birki kullum. Ran nan ya tsaya a ƙofar gidana, ko injin bai kashe ba, ya miƙo mini hoton nan a naɗe cikin leda. Ya ce tunda hoto ne abin da na iya adanawa, in haɗa da wannan. Shekara talatin ina nemansa, ranar da na same shi ban iya ɗaga ido na dubi mai shi ba.

Ranka ya daɗe, ban ce ka rushe rumbunanka ba, na san bakin alƙalami ya bushe. Amma a bayansu akwai ɗan fegi da ya rage, na auna da ƙafata, taku arba'in ne, kuma mangwaron na tsaye a ciki. Makon jiya na ga an shafa masa jan fenti, alamar za a sare shi, leburorinka sun ce manyan motoci za su riƙa kwana a wurin. Roƙona biyu ne. Na farko, ka bar wa yara wannan fegin da bishiyarsa, ya ishe su buga biyar-biyar. Na biyu, ka aiko da amsarka a rubuce, da Faransanci da Hausa gefe da gefe, a karanta wa dattawa a inda aka karanta ta farko. Ba ni zan karanta ba, na rasa wannan matsayin. Zan dai zauna a baya in saurara har shafin ƙarshe.

Allah Ya yi wa kasuwancinka albarka, Ya raya maka zuri'a, Ya ba 'ya'yanka wurin wasa inda mota ba za ta same su ba. Allah Ya kiyashe ka da irin kunyar da nake kwana da ita nake tashi.

Hoton Sale yana nan cikin ledarsa, ban liƙa ba. In ka bar mana fegin, zan mayar masa da abinsa a gindin mangwaron, a gaban yara. In kuma ka sare bishiyar, sai in liƙa shi, albam ya cika, in san cewa abin da ya rage mini ke nan.

Wassalam.

Naka,
Aminu, unguwar Hausawa, New Bell.