Baƙuwar da Ta Kasa Koyon Ƙulli

Yaya Consuelo,

Ya ƙafar Mama, ya yara? Muna lafiya, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

In ana ruwa, maigidana Wendell ba ya kai masu yawon buɗe ido teku, sai ya koya musu ƙullin igiya na masunta a rumfar jirgi. Wata baƙuwa, Marnie, da hadari ya haɗu tana can. Na yi masa magana a kan yawan zuwanta, ya ce, "Haba, baiwar Allah har yau ta kasa iyawa!"

Jiya na ga tana ɗaure karenta a ƙofar kanti. Ƙullin nan ne, Yaya, da hannu ɗaya, tana waya.

Ki taya ni addu'a rana ta fito.

Ƙanwarki,
Yolanda