Koren Dutsen Mama

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da na'urorinki.

Ga dutsen Mama nan cikin kwalin ashana, koren nan da marigayi Baba ya ba ta. Wani mai bakin tsiya ya zo shagona karɓar agogo, ya ce wai fasasshiyar kwalba ce. Tunda aikinki a ɗakin gwaji shi ne haska duwatsu kamar mai neman ƙwarƙwata, haska wannan mu ga amfanin farar rigar taki. Zobe nake so in yi wa Mama da shi, ta huta da ɗaurin bakin zane. Har injin gurza na saya.

Yayanki mai gyaran agogo.

*

Yaya,

Ina gaishe ka da aiki, kai da agogunanka da ba su taɓa yarda da juna ba.

Ba kwalba ba ce. Sunansa tomalin. Na'ura ta ratsa shi da haske, ta zana mini irin hasken da ya shanye. Baƙin ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi koren. Amma ka buɗe kunne. In ka kalle shi ta gefe kore ne shar, in ka leƙa ta tsawonsa duhu za ka gani. Haka Allah ya jera ƙwayoyinsa. Don Allah kada ka kusantar da shi injin nan, ka kai wa masu yankan duwatsu. Ga shi na dawo maka da shi.

Ka gaishe da Mama.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa kam na yi, don kada a ce ban yi ba.

Ni za ki koya wa aikin hannu? Ni da na share miki majina? Na yanka shi biyu a tsakiya yadda zai zauna a zobe, na goge fuskarsa da jikinsa tas har ya yi sumul, sai ga abu baƙi ƙirin kamar gawayi. Cikin biyu akwai ɗaya: ko fitilarki ta ƙona shi, ko kin musanya. Kin ga abu mai daraja, idonki ya rufe. Ki fito da dutsen Mama, in ba haka ba wallahi ni da kaina zan zo gaban shugabanki. Ga gawayinki nan, guda ɗaya.

Yayanki, in har yanzu kin san da haka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka kira ni ɓarauniya, kuma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na sake ɗora gutsuren a na'ura. Ta gefe na haska shi, zanen ya fito daidai da na farko, ƙarfen nan dai, ko ɗigo bai sauya ba. Dutsen Mama ne. Kai ne ka datse shi kamar rake, ka mai da wajen duhun ya zama fuska. Ɗaga rabin da ke wajenka a taga ka kalli gefensa, koren yana nan, daidai inda bakin zobe zai rufe.

Laifi tudu ne, Yaya. Shugabana yana ofis kullum, ka zo, ka taho da injin naka ya gaisa da shi. Abin da ka yanke dai babu na'urar da ke mai da shi. Kai za ka gaya wa Mama, ban da ni.

Ka huta lafiya, gwanin hannu.

Auta.

*

Auta,

Barka da aiki.

Na kai wa Mama rabin da ke hannuna. Kin san idonta ya yi rauni, na ɗauka ba za ta lura da baƙin ba. Ko dubawa ba ta yi ba. Ta murza shi a yatsa, ta ce nata yana da zane-zane a jiki tun daga kai har ƙasa, da su take gane shi. Ta miƙo mini, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Je ka kawo wanda babanku ya ba ni."

Tana jira. Me zan ce mata?

Yayanki.