Saƙonnin da Suka Rage a Kyamararka

Zango, Wagadugu.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da na saba yi maka da safe, ko da yake yau ba a bakin ƙofarka na durƙusa ba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma, miƙo mini ita za ka yi ka ce in karanta maka, tunda kai da boko gaisuwar nesa kuke yi. Amma bakina cike yake da labari, kuma ban ga wanda zai ji daɗinsa kamar kai ba.

Gida lafiya. Inna tana takabarta, matan Zango sun hana ta hura wuta, kowace da kwanonta, har ta fara ƙorafin rigunanta sun matse ta. Ƙanenka Kawu Lawali ne ke jan motarka yanzu. Sati biyu da karɓarta ya goge mata gefe, ya rantse wai ƙofar tashar ce aka matsar. Jar akuyar nan da ka ce ba za ta taɓa haihuwa ba, a sayar, ta haifi biyu. Inna ta ce da kana nan sai ka je ka ba ta haƙuri.

To, maganar kyamararka ce ta sa na ɗauki biro.

Shekara da shekaru kana jan mota tsakanin Wagadugu da Dogondutsi, ita tana cikin jakar fata a ƙarƙashin kujerarka. 'Yan Nijar da ke nema a nan, masu shayi da masu tsire da masu tura kaya, iyayensu suna ƙauyukan da ba rezo, waya ba ta shiga sai an hau tudu. Tsofaffin kuma ba sa yarda da murya in ba su ga fuska ba. Sai ka ɗauki ɗa a nan yana gaisuwa, ka kai wa uwa ta kalla a ɗan gilashin kyamarar, ka ɗauko amsarta ka dawo da ita. Ba ka taɓa sauraren saƙon kowa ba. Turmi kake kifewa ka ɗora kyamarar, ka rufe mata ido da hularka, ka faɗi sunan wanda za a kai wa, ka cire hular, ka koma can nesa ka sha shayi har a gama.

Ni kuwa ban raga maka ba. Tunda na fara aiki a sakatariya ina buga wa mutane takardu a kwamfuta, na ɗauka na gama sanin duniya. Sau nawa na ce maka wannan tsohuwar da aka ɗaure wa batir da roba ta isa hutu? Sau nawa na yi maka dariya a gaban baƙi? Kai kuwa sai dai ka goge ta da gefen rigarka ka mayar cikin jaka.

Ka san saƙon da ya fi damunka, na Kawu Sahabi mai tsire. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya auri Alizeta, 'yar Mosi, ba da yardar tsohuwarsa ba, ita kuwa ta rantse idonta ba zai ƙara ganinsa ba. Kowace tafiya yakan sa sabuwar riga ya zauna gaban turmi ya nemi gafara. Kowace tafiya tsohuwar takan juya wa kyamarar baya, a kunna mata ta saurara, sannan a ɗauki amsarta: bayanta, da ƙullin ɗankwalinta, shiru na minti ɗaya, ta tashi. Shi kuma ya karɓa ya kalla har ƙarshe, ya ce alhamdu lillahi, tsohuwa ba ta rame ba.

Yanzu ga abin da ko Inna ban faɗa wa ba. Ranar da ka dawo daga tafiyarka ta ƙarshe, zazzaɓi yana girgiza ka, ka ce mini in je in kira Sahabi. Na ce ka kwanta tukuna, Sahabi ba inda za shi, sai gobe in ka ji sauƙi. Washegari ka sake faɗa, na sake cewa gobe. Rana ta uku muka kai ka asibiti, ba ka dawo da ƙafarka ba. Baba, daga gidanmu zuwa tukubarsa ko gumi mutum ba zai yi ba. Me ya hana ni? Kwana arba'in ban ji daɗin abinci ba. Kawu Sahabi kuwa kullum da safe sai ya zo ya gaishe da Inna daga bakin zaure, ya ɗan zauna a bencinka, ya tafi. Bai taɓa tambayar kyamarar ba, kuma da ya tambaya da na fi samun sauƙi.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ba ni jakar. Na sa caji, na kunna, jar fitilarta ta kama, amma gilashin baƙi ƙirin, ya mutu. Saƙon mutum goma sha bakwai a ciki, ba hanyar kallo. Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, a zuba a kwamfuta kawai. Ka ji mai baki.

Wayar da ake haɗa ta da kwamfuta ba ta cikin jakar. Inna ta ce ta san wata gajeriyar baƙar igiya, amma da ita ka ɗaure ƙofar akurkin kaji tun bara. Na je na duba. Ita ce, Baba, kuma kaji sun gama da bakinta. Na zaga masu sayar da kayan waya, kowa ya juya kyamarar ya yi dariya, wani ma ya ce ta girme shi. A ƙarshe aka kwatanta mini Madam Awa a unguwar Tiendpalogo, mai haɗa fim ɗin biki.

Mace ce mai jiki da murya, Hausa rabi, Faransanci rabi, Mosanci in ranta ya ɓaci. Tana ganin kyamarar ta rungume ta, wai da irinta ta fara sana'a, wai wannan ai yaaba ce, kakar duk kyamarorin garin nan. Ta zazzage wani kwali ta zaro wayar. Sannan ta nuna ni da yatsa ta kafa mini doka: kada in goge komai, kada in sake wa komai suna, sai an kwafe duk abin da ke ciki an ajiye shi wuri biyu. Muna tsakiyar kwafewa aka ɗauke kuran, wato lantarki, fanka ta tsaya. Muka jira, muka sha zomkom mai sanyi, aka dawo da shi, muka sake daga farko.

An kwafe, sai kwamfutar ta ƙi buɗewa. Na danna, na sake dannawa, ta ce ba ta san wannan ba. Madam ta ce kyamararka tana ajiye hoto da tsarin da aka daina yayi, dole a juya shi zuwa wanda kwamfuta da wayoyin yanzu ke ganewa, MP4 suke ce masa. Juyawar nan kuwa tafiyar hawainiya ce. Tun hantsi har la'asar ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe. Da ya kai ƙarshe hoto ya fito tar, ga danga, ga rumbu, ga wata tsohuwa tana ta motsa baki. Murya kuwa babu ko kaɗan. Na ce shi ke nan, na hana ka faɗa da bakinka, yanzu kuma na kashe wanda ke cikin kyamara.

Madam ta yi tsaki, ba da ni ba, da kanta. Wai wajen zaɓen yadda za a juya murya ne ta yi kuskure, hoton ya haye ya bar muryar a baya. Ta ce ai don irin wannan ranar ta hana a taɓa na asali. Washegari muka sake. Ta sa mini abin saurare a kunne ta kunna farkon. Duhu ne, cikin hularka. Sai na ji ka yi gyaran murya, ka ce wannan na Mamman mai shayi ne, daga babarsa. Ban san lokacin da na kifa kaina a teburin matar nan ba. Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini gefen zanenta.

Saura yanka. Ka san maɓallin kyamarar sai da lallashi, shi ya sa ba ka tsayar da ita sai an gama da ƙauye guda, saƙonni a jere cikin dogon fim ɗaya. Dole a raba, kowa ya sami nasa shi kaɗai. Madam ta koya mini. A ƙasan hoton akwai wani koren zane, shi ne murya. In shiru ne sai ya kwanta a miƙe, in ana magana ya tashi kamar haƙoran zarto. Na bi tsarinka. Inda na ga baƙi sai in ɗaga murya in ji suna, hular na tashi in kashe, in tsallaka zuwa baƙi na gaba in yanka. Fuskoki na gani, wannan ba makawa, amma ban ji sirrin kowa ba. Madam ta ce da duk masu ɗaukar biki suna da hula irin taka, da ba ta yi furfura ba. Guntayen baƙin kuwa ban zubar ba, na haɗa su wuri ɗaya na ajiye a wayata, ba komai ciki sai kai kana kiran sunayen mutane.

Na goma sha uku shi ne na Kawu Sahabi. Hular ta tashi, ga baya, ga ƙullin ɗankwali. Na ce to, an sake. Sai idona ya sauka ƙasa. Zanen nan ba a kwance yake ba. Haƙora ne a jere daga farko har ƙarshe, minti goma sha huɗu. Tsohuwa ta yi magana. Me ta ce? Matar da ta yi shiru shekara goma sha ɗaya, in ta buɗe baki, albarka za ta sa ko baki za ta yi masa? Da ka ce a kira shi, murna ce, ko so kake ka fara kwantar masa da hankali? Yatsana yana kan maɓallin murya. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in saurara, in tsinuwa ce in ce wannan ya lalace wajen juyawa. Wa zai ƙaryata ni? Na tashi na fita waje na wanke fuska. Na dawo na yanke shi yadda yake, na rubuta sunansa.

Sauran na zuba wa kowa nasa a katin wayarsa. Kwana biyu ina yawo a kan babur, har unguwar Dassasgho na je. Mamman mai shayi faɗa babarsa ta yi masa kan zaman gwauranci, shi da kansa ya bi layi yana nuna wa mutane yana dariya. Wani ya ga ɗansa da aka haifa bayan tahowarsa, ya ce kunnuwan nan nasa ne, ba gardama. Kowa sai ya yi maka addu'a ya cusa mini wani abu a jaka. Na dawo gida da goro da sukari da ƙwai, rabin ƙwan a fashe.

Na Kawu Sahabi na bari ƙarshe, don tsoro. Na same shi a tukuba da hantsi yana jera nama. Kafin in ba shi na gaya masa gaskiya, cewa sau biyu ka aike ni kiransa ban zo ba. Ya ce haba 'yata, wanda ya jira shekara goma sha ɗaya kwana hamsin ne zai dame shi? Ya ƙi kallo a nan. Ya rufe naman, ya wanke hannu, ya ce a gidan mai kyamara aka saba, a can zai gani. Ya aika aka kira Alizeta da yaransu uku. Na aro kwamfutar wurin aikinmu na ɗora a kan turmin Inna, na nuna masa inda zai danna, na juya zan fita yadda kake yi. Ya ce in zauna, ni da Inna, in ma tsinuwa ce gara a sha ta da shaidu.

Tsohuwar ba ta juyo ba, Baba. Ta fara da cewa rantsuwa rantsuwa ce, ba ta wasa da ita, idonta ba zai gan shi ba. Daga nan ta shiga faɗa. Wai ta ji muryarsa ta dushe, hayaƙin tsire ne, ya riƙa shan citta da zuma. Wai wace irin mata ce za ta bar miji da tari haka. Alizeta ta toshe baki tana dariya, hawaye na zuba. Tsohuwar ta ba da labarin gero, da rijiyar da ta rufta, da waɗanda suka rasu. Ta kira sunayen yaran uku daidai, ɗaya bayan ɗaya, ashe duk shekarun nan tana riƙe da su. Can sai ta kai hannu ta bubbuga bayanta. Ta ce da ido ta yi rantsuwa, wannan kuwa bai rantse wa kowa ba. Shi ya goya Sahabi, kuma har yanzu da sauran ƙarfinsa. A kawo mata ƙaramar kafin damina ta goya ta. Uwar ma ta zo, don ba a raba yarinya da uwa. Shi kuma in ya ga dama ya rako su, ya zauna ta baya.

Ƙaton mutumin nan ya cusa fuska cikin rigarsa yana kuka kamar yaro. Da ya ɗago, abin da ya fara tambaya shi ne ko mota tana tashi ranar Asabar. Tana tashi, kuma su biyar ɗin duk suna ciki.

Ashe abin da kake so ka faɗa masa ke nan, kana kwance jikinka na rawa? Kana can nesa da kofin shayinka ka ga ta daɗe ba ta tashi ba, ko? Na makara da kiran nan, Baba, amma na kira shi. Ka yafe mini. Ban taɓa gaya maka ba, sai yanzu da ba za ka ji ba: ban san wani aiki da ya fi naka kyau ba a duk Zango, kuma ina alfahari da a ce ni 'yarka ce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa alherinka ya riga ka isa. Ka huta. Saƙo goma sha bakwai ka dawo da su, duk sun shiga hannun masu su.

'Yarka mai baki,
Balkisa