Taron Ƙarfe Mai Nauyi

Lahadi, 14 ga Yuli, 2024

Biza ta fito. Sau biyu suna hana ni, yau a karo na uku suka ga dama. Portugal, kwana uku na kiɗa a bakin teku, irin wanda nake ji a ɓoye tun ina ɗan shekara goma sha shida: rok mai nauyi, da mai jan hankali wanda waƙa ɗaya za ta yi minti ashirin tana juyi da kai. Ni kaɗai zan tafi, don ban san mutum ɗaya a Makka da zan ce wa zo mu je ba.

Mutumin da ya miƙo min fasfo a Jidda sai da ya tambaye ni ko zan dawo. In dawo mana, ina zan je? A Makka aka haife ni, shekarata talatin da huɗu, ina riƙe da fasfon Najeriya wadda ban taɓa kwana a cikinta ba, ina walda a warsha, wato shagon aiki, a unguwar Kudai, da iƙama, takardar zama, a ƙarƙashin sunan wani. Kowa tambayarsa ɗaya, ko zan dawo. Kafilina, wanda ya tsaya min a takardun, ya ba da izinin fita da dawowa ba gardama. Saura Baba.

Talata, 16 ga Yuli

Na gaya masa. Ko kuma in ce ban gaya masa ba.

Bayan azahar yana zaune a tabarmarsa. Kunnen dama ya mutu tuntuni, shekara arba'in yana dukan ƙarfe, don haka na zagaya ta hagu. Na ce zan yi tafiya Turai, akwai taro. Ya ce taron me? Na ce na hebi metal. Ya ce me? Haushi ya kama ni, na fassara masa da gangan don in ga abin da zai yi: "Ƙarfe mai nauyi, Baba. Taron ƙarfe mai nauyi."

Sai na ga fuskarsa ta saki. "Maƙera? Maƙeran Turai ne suka kira ka?"

Na yi shiru. Wallahi shiru kawai na yi, ban ce eh ba. Ya ɗaga hannu yana ta alhamdulillahi, wai jinin maƙeran garin Tamburawa bai faɗi ƙasa ba, wai kakana yana kabari amma an san da zamansa har Turai. Na zo da shirin faɗa, na haddace amsoshina tun a mota, ya bar ni tsaye ba abokin yi. Na fita ban ci abincin Umma ba.

Juma'a, 19 ga Yuli

Duk unguwarmu ta Mansur ta ji. Mai shayi ya ji, mai gyaran takalmi ya ji. Bayan masallaci tsofaffi suka tare ni a bakin titi, wannan ya ce Allah ya ɗaukaka sana'a, wancan ya ce in sayo masa wuƙar yanka ta Jamus. Baba yana gefe da sandarsa, ya sa farar rigarsa ta Idi.

Shekara nawa ina haɗa ƙofofi da tagogin rabin unguwar nan bai taɓa cewa sannu ba. Wai walda ba ƙira ba ce, ɗinki ne da wuta. Yau da ƙarya ta shigo ciki na zama ɗa.

Yaya Uzair ya san gaskiya, shi ya sha kama ni da abin jin kiɗa a kunne. Ya ja ni bayan mota, Larabci da Hausa suna fita tare kamar kullum in ransa ya ɓaci. "Haram alaik, Abdulquddus. Ka sa tsoho yana ƙarya a ƙofar masallaci bai sani ba. Duniya tana zuwa Makka da kuka, kai kana barin Makka ka je wajen masu ihu." Na ce masa shi da yake karatun hadisi ya nuna min inda na ce maƙera ne. Ya ce ko in gaya wa Baba, ko shi ya gaya masa. Na ce bismillah.

Ba zai iya ba. Ya san ciwon zuciyar Baba kamar yadda na sani.

Litinin, 22 ga Yuli

Na ƙona yatsa a warsha. Laifin Uzair ne.

Alhamis, 25 ga Yuli

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ba wanda zai karanta.

Shekara goma sha biyu ke nan, muna gidanmu na Nakkasa kafin rusau ya cinye shi. Jita ce ja, ta hannu, wata ɗaya nake da ita, a bayan tankin ruwa nake ɓoye ta. Baba ya hau duba tanki ya gan ta. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi. Ya sauko da ita tsakar gida, ya aiki Umma ta kawo masa gudumar kaka, wadda shi Baban ya zo da ita daga gida shekarar da ya zo hajji bai koma ba. Duka uku. Maƙeri ne, ya san inda ake duka. Ya ce ba a kaɗa garaya a gidansa yana kallon hasumiyar Harami ta taga. Maƙwabta suna leƙe ta kan katanga.

Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ina kwana, lafiya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. To yanzu wai ni ne zan ji kunya don ya yi wa kansa fassara? Ba zan ji ba.

Amma in ya sani, zai janye albarkar da ya sa min ranar Talata a gaban Umma, kuma ita ce ta farko. Wannan ne abin da ya hana ni sakat, kuma haushin kaina nake ji da na damu.

Laraba, 31 ga Yuli

Ya kira ni ɗakinsa da safe kafin in fita. Ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon harami. Tun bai kwance ba na gane ta da nauyin da ta yi a hannunsa.

Gudumar.

Ya ce, "Audu, ba a zuwa taron ƙarfe hannu sake. Ka tafi da ita." Na ce jirgi ba zai yarda ba. Ya ce a saka a jakar da ake aunawa, ya tambayi wani ɗan Yalwa mai aiki a filin jirgi. Har ya tambaya!

Na karɓa. Ita ce dai, ƙotar ta yi baƙi da zufa, gefe ɗaya ya ɗan karkace. Na so in buga ta a bango. Shi ko a jikinsa, sai ma ya kama wani zance. Wai a garinsu maƙera suna da kiɗansu, dundufa, doguwar ganga da ake kafa ta a ƙasa, in an kaɗa ta ba maƙerin da zai iya zama. Wai yana yaro ya ga babansa ya ɗauki jan ƙarfe da hannu ana kaɗa masa. Sannan ya ce, "Su ma can suna da makaɗa?"

Na ce suna da su. Ya ce to.

Mutumin da ya fasa min jita yana ba ni labarin ganga, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Na fita na zauna a mota na kai minti goma ban tayar ba.

Talata, 6 ga Agusta

Filin jirgin Jidda. Umma ta cusa min dabino da kilishi kamar mai zuwa yaƙi. Uzair bai fito ba. Baba ya rako ni har bakin titi, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da sarkin maƙeransu. Na ce zai ji.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ina nan. Itatuwa dogaye, yashi, iska mai sanyi daga teku, mutane dubbai cikin baƙaƙen riguna. Baƙar fata ban ƙirga mutum biyar ba. Ba wanda ya kalle ni sau biyu, kuma har wannan ya ɗan ba ni haushi, bayan duk wahalar da na sha.

Ƙasar wurin kwana tauri gare ta a ƙarƙashin yashin. Kowa yana fama da turakun tanti, wani da dutse, wani da takalmi. Na duba jakata. Na ce wallahi ba zan yi ba. Iska ta ɗauke min tanti sau biyu, na kwance haramin.

Duka ɗaya, turke ya shige. Maƙwabcina, wani mai gemu ɗan Sifen, ya miƙo hannu. Daga shi ta wuce wajen wasu mata biyu, daga nan na daina ganinta, sai dai in ji ƙararta can cikin itatuwa. Gudumar kakana a hannun masu riƙe da gwangwanin giya! Na bi ta tanti tanti ina huci. Wata tsohuwa mai furfura ce ta dawo min da ita, tana juya ta tana shafa wurin da ya karkace. Ta tambaya da Turanci wa ya yi ta. Na ce kakana, da hannu. Ta riƙe ta da hannu biyu ta miƙo min, har da ɗan sunkuyawa.

Da la'asar na nemi alƙibla a waya. Ban taɓa tambayar kowa ina Makka take ba sai yau. Kibiyar ta nuna bayan motar masu sayar da kifi.

Asabar, 10 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Wasu mutum uku suka hau dandali da rana tsaka, ba mai waƙa a cikinsu. Mai jita ya kama sauti ɗaya ya ƙi saki, mai ganga yana dukan abu ɗaya, a hankali, da nauyi, har ƙasa tana motsi a tafin ƙafata kuma haƙarƙarina yana amsawa. Shekara goma sha takwas ina jin wannan ta ƙaramin abin kunne, ƙasa ƙasa, ido a ƙofa. Ashe rabinsa ma ban taɓa ji ba.

Na yi ihu har muryata ta tafi. Na yi kuka kuma, ba wanda ya kula.

Abin da ya ɓata min rai: a tsakiyar abin, dukan gangar ya koma min dukan guduma a kan uwar maƙera, irin na Baba a Nakkasa da safe, biyu masu nauyi ɗaya mara nauyi. Na tsallake teku don in rabu da mutumin nan na kwana uku, ya biyo ni har gaban dandali. Na ɗauki minti huɗu a waya. Ban san don wa ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Na dawo. Zafin Makka ya mare ni tun daga ƙofar mota.

Uzair na fara gani a matakala. Na ce masa ai ga shi bai iya faɗa ba. Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci.

"Na gaya masa. Tun Asabar, ashirin da bakwai ga Yuli. Da hoto ma, na nuna masa masu gashin da jitocinsu."

Na ce ƙarya yake. Ya ce wallahil azim. Na ce to me ya ce? Ya ce ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce kada in ji, kada Umma ta ji, kuma in Uzair ya buɗe baki a masallaci bai yafe ba. "Halas, ni na fita. Ku biyun ku kuka san abin da kuke yi."

Ashirin da bakwai. Gudumar ranar talatin da ɗaya ya ba ni. Na dawo na duba a littafin nan don in tabbata.

Ya sani. Ya sani yana ce min a gai da sarkin maƙera. Ya bar ni ina ta ɗawainiya da ƙaryata har Turai ina jin kaina ɓarawo. Ban shiga ɗakinsa ba yau, na ce wa Umma gajiya.

Lahadi, 18 ga Agusta

Kwana huɗu ina zagaye ƙofarsa. Yau bayan la'asar na shiga da gudumar cikin haraminta, na ajiye a gabansa, na zauna ta hagu.

Ya ce ta yi aiki? Na ce ta kafa tanti ya fi talatin. Ya ce to ba ta je a banza ba.

Na ce, "Baba, Yaya Uzair ya ce ka sani."

Bai kalle ni ba. Ya ce in kunna masa abin da suka kaɗa. Na kara masa waya a kunne, bai ji komai ba. Na sauka mota na ɗauko lasifikar warsha, na rufe taga, na ƙure ta. Umma ta leƙo ta koma. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar ya rufe ido, minti huɗu cif. Da ta ƙare ya ce mai gangar yana da hannu, amma yana ɗaga kafaɗa da yawa, zai gaji kafin ƙarfe ya yi laushi. Yadda ya gane haka ta tafin hannu, oho.

Sannan ya tura min gudumar da ƙafa.

"Ita ta fasa maka garaya. Na ce ta je ta ji abin da ta fasa. Ni ƙafata ba ta kai can, bakina kuma ka san shi."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya tambaya ko an kira magariba.

Ban ce na yafe ba, ba wanda ya tambaye ni. Shekara goma sha biyu ba ta tafiya da magana uku, kuma jitar ja ce, ba a samun irinta yanzu. Gudumar tana warsha, na yi mata ƙugiya a bango kusa da injin walda, don dai kada ta yi tsatsa a ƙarƙashin gado.

Na nemi dundufa a waya. Guda biyu kawai na samu, ɗaukar ba kyau, duk hayaniyar biki. Lasifikar tana nan a ɗakinsa, nauyi gare ta, ba zan yi ta hawa da sauka da ita ba. Gobe in na taso da wuri, sai in kunna masa.