Kabarin Malam Maiwada a Bakin Teku

Al-Suwaidi, Riyad
3 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba?

Na je garin nan da Baba ya dame ni da shi, inda aka ce mahaifinsa, Malam Maiwada, ya sauka daga jirgin ruwa a tafiyarsa ta Hajji a ƙafa, daga nan labarinsa ya yanke. Ɗan ƙauyen masunta ne a bakin Bahar Maliya. Tsofaffin gidajensu da dutsen teku aka gina, ƙofofin duk sassaƙa, baƙi sai ɗaukar hoto suke yi. Kifinsu kuwa, na ci har na ji kunya.

Wani tsoho, Abu Shakir, shi ke zagayawa da baƙi. Ina faɗin sunan kakanmu ya kama hannuna sai bayan tsohon masallaci, ya nuna min wani tudu yana hawaye. Yaya, a ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Shekara saba'in, ta ina ya gane? Ko sisi bai karɓa ba, wannan ya ƙara min shakka. Kuskurena, na riga na tura wa Baba hoton tudun.

Ƙaninki,
Abduljalil

Al-Suwaidi, Riyad
25 ga Sha'aban

Yaya Sabuwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, zargina bai bar ni na huta ba. Abokin aikina Ghali, direba ɗan Maraɗi, ya kai kaya wajen, sai na ƙirƙiri wani suna na ce ya nemi kabarinsa. Tsohon ya kai shi tudun nan dai, ya yi masa kukan da ya yi min. Masunta sun shaida wa Ghali cewa duk Batakare, wato mutumin ƙasashenmu, da ya zo neman nasa, nan yake kai shi, wai ba ya iya ganin mutum ya juya hannu wofi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki waya zan faɗa wa Baba, ya riga ni da albishir: bizarsa ta Umra ta fito, ya kuma ɗinka sabuwar riga ta zuwa gaida mahaifinsa. Tunda nake ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Zan tarbe shi, in kai shi har tudun, in ɗaga hannu tare da shi. Ke kaɗai na faɗa wa. Don Allah ki ƙona wasiƙar nan.

Naki har kullum,
Abduljalil